Me ya sa sunan kamfani ke yanke farashin Adaidaita Sahu na hannu a Kano?

Duk wanda ya zaga wuraren dillalan babura a birnin Kano zai lura cewa tambayar farko da mai saye ke yi ita ce: na wane kamfani ne? Shekarar ƙira da lafiyar inji sai daga baya.

Yawancin baburan nan a kwance ake shigo da su daga Indiya ko China, a haɗa su a Najeriya. A ido kusan duk kamarsu ɗaya, amma ranar sayarwa ake gane bambanci. Adaidaita Sahu ƙirar Bajaj ko TVS ba ya daɗewa a hannun dillali, yayin da mai baƙon suna kan zama kwantai, sai an karya farashi.

Sirrin yana kasuwar Ƙofar Ruwa. Abin da mai saye ke biya wa kuɗi shi ne tabbacin samun kayan gyara da makanike da ya san injin. Direban da ke biyan balas kullum ba zai iya ajiye abin hawansa mako guda yana jiran ƙarfe ɗaya ba.

Haka aka gani da Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar PAN a 1975. Ta daɗe tana riƙe darajarta saboda kusan kowane gari akwai mai gyaranta.

Kwaikwayo shi kaɗai ba ya kashe daraja. Bajaj kansa da ƙera Vespa ya fara, bisa lasisin kamfanin Piaggio na Italiya. Jincheng, wanda aka gina kan samfurin Suzuki AX100, ya samu karɓuwa a Arewa domin kayansa sun wadata. Wanda ke faɗuwa shi ne kwaikwayon da babu mai tsaya masa.

Lamarin ya ƙara nauyi tun da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a Janairun 2013, jama'a suka koma ga Adaidaita Sahu. Bayan cire tallafin fetur da faɗuwar naira a 2023 kuma, sabo ya fi ƙarfin matasa da dama, kasuwar na hannu ta buɗe. Ga mai biya kaɗan-kaɗan, babur shi ne jarinsa, shi ne kuma abin da zai sayar ranar da lalura ta taso.

Yanzu masu amfani da lantarki sun fara shigowa, kuma wannan jarrabawar ce ke jiransu. Sauƙin caji zai ja masu saye, amma muddin ba a san inda za a samu batiri ba idan na farko ya mutu, dillalai za su ci gaba da taya su da arha.