Waƙa Ta Iso, Ina Sunan Mai Ita?

Yau mu leƙa memorin wayoyin da muke ara a gida bayan an tashi daga makaranta. Ko a Alelu muke, ko Jega, ko Aliero, ko Maiyama, da wuya a rasa waƙa ɗaya da muke so amma ba mu san mai ita ba. Aboki ne ya turo ta Xender, shi ma a shagon masu turi ya samo, sunanta kuwa "AUD" da jerin lambobi. Ba kalangu, ba kukuma. Fiyano ne da kwamfuta wani ya haɗa a ƙaramin situdiyo, kuma gidan rediyo bai taɓa sa ta ba.

Kada mu raina irin waɗannan waƙoƙi. A 2008 wani matashi Ba'abzine daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar. Da harshen Tamashek ya rera, amma da salon waƙoƙin finafinan Hausa: gangar na'ura da Auto-Tune, manhajar da ke lanƙwasa murya. Kundin bai shiga kasuwa yadda aka saba ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya ta Bluetooth har ya kai Mali.

A can ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, yake tattara waƙoƙi daga memorin mutane. Da ya so ya buga su, sai ya ci karo da matsalarmu ta yau: waƙa na nan, mai ita ba a san inda yake ba. Sai da ya yi ta cigiya don ya nemi izini ya kuma biya. A 2011 kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones, da waƙar Mdou mai suna "Tahoultine" a ciki. Yau Mdou na kiɗa a manyan dandali na Amurka da Turai. An gano shi, ya ci moriyar guminsa. To wanda sunansa ya faɗi a hanya fa? Shi da wahala, wasu da jin daɗi.

Haka Mamman Sani na Yamai. Tun shekarun 1970 yake kiɗa da ogan mai aiki da lantarki, ana sa shi tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na Nijar. Sai a 2013 aka sake buga tsohon kaset ɗinsa, duniya ta san sunansa.

Me ya rage gare mu? Na farko, mu kasa kunne a farkon waƙa da ƙarshenta, domin nan mawaƙa suke ambaton situdiyo da makaɗi. Kada mu yanke wurin don mu yi sautin kira. Na biyu, idan mun gano suna, mu gyara sunan fayil kafin mu tura wa wani. Aikin minti ɗaya ne. Na uku, mu tambayi mai turi daga ina ya samo, sannan mu nemi mawaƙin a Audiomack ko YouTube, inda ake ƙirga masa duk saurare.

Ba kuma kowace sabuwa ce abin yaɗawa ba. Wadda za mu ji kunyar saurare a gaban iyaye, mu bar ta inda muka gan ta. Waya kuma ba ta shiga aji. Kiɗa sai an gama aikin gida.

Ga aikin wannan mako: kowa ya zaɓi waƙa ɗaya marar suna, ya bi sawunta. Wataƙila mai ita yana Birnin Kebbi, wataƙila ɗan ajinmu ne da ke koyon FL Studio a kwamfutar yayansa. Ku rubuto mana abin da kuka gano. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.