Sun taka wata, fanfonmu yana kwance

Akwai wani irin littafi da Turawa ke so ƙwarai. Labari ne ƙagagge, amma ba na Gizo da Ƙoƙi ba. Marubucin yana zama ya yi tunanin yadda duniya za ta koma nan da shekara ɗari ko dubu. Sai ya cika labarin da injuna: jirgi mai zuwa taurari, mutum-mutumin ƙarfe mai share gida, ƙofa mai buɗe kanta in ka yi mata magana. Mu kira shi tatsuniyar kimiyya. Na karanta su da yawa da Faransanci, tun ina lakwal ta horon malamai. Ina da ƙara a kansu. Ƙarar kuwa ta shafe ku, ko da ba ku taɓa riƙe ɗaya a hannu ba.

Wasu na cewa waɗannan littattafai ƙarya ce zalla, ɓata lokaci ne. Ban yarda ba. Ku ji wannan. A shekarar 1865, wani Bafaranshe mai suna Jules Verne ya rubuta labarin mutum uku da aka harba zuwa wata. A labarin, an haƙa rami a ƙasar Fulorida ta Amurka, aka ƙera wata ƙatuwar igwa a ciki, aka sa mutanen cikin harsashi. Da an gwada haka da gaske, da ƙarfin harbin ya kashe su nan take. Amma bayan shekara 104, a watan Yuli na 1969, mutum uku suka tashi daga Fuloridar nan cikin kumbo. Biyu daga cikinsu suka taka wata da ƙafarsu. Kun ga, mafarkin bai faɗi ƙasa banza ba. A Hausa ma akwai irinsa. A waccan shekara ta 1969 aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a Zariya, labarin yaron da aka ɗauka aka yi yawo da shi a sararin sama.

To, mene ne laifinsu? Laifinsu shi ne, a mafi yawansu inji ba ya lalacewa don tsufa ko ƙura. In ya lalace, to abokin gaba ne ya harbe shi. Jarumin labari yana danna maɓalli, abu ya yi. Ba ya neman caji. Ba ya hawa kan jigawa yana ɗaga hannu sama don neman rezo. Ba ya tafiya kasuwa uku yana neman wani ɗan ƙarfe da bai kai yatsa ba. Mai gyara ba ya cikin labarin. In ma yana ciki, ba shi da suna.

Kuma ba gaskiya ba ce ko a can. Su waɗanda suka je wata a 1969, da suka koma cikin kumbonsu, sai suka tarar wani ɗan maɓalli ya karye. Shi ne kuwa na ba injin tashi wuta. Ɗayansu, Buzz Aldrin, ya ɗauki alƙalami ya tura cikin ramin maɓallin, wuta ta kama, suka taso. Alƙalami irin wanda ke hannunka a ajin yaƙi da jahilci! Amma in ana ba da labarin zuwa wata, tuta ake nunawa da sawun takalmi.

Za ku ce, to Malam, mene ne namu a ciki? Naku shi ne, masu kawo mana kaya da bakin waɗannan littattafai suke magana. Mai sayar da talho a kasuwa yana ce maka yana hoto, yana radiyo, yana fitila. Ba ya gaya maka cewa an manne batirinsa da danƙo, ba ya cirewa. Masu kawo fanfo suna zuwa da motoci ranar buki, a yi kiɗa, a yi jawabi, a ce wahalar ruwa ta ƙare har abada. Wannan ma tatsuniyar kimiyya ce, sai dai ba a rubuta ta a littafi ba. An rubuta ta a allon ƙarfe, an kafa a bakin gari.

Bari mu tsaya kan fanfo, don shi ya fi ciwo. Fanfon tuƙa-tuƙa ba sihiri ba ne. Doguwar sanda ce ta ƙarfe ke sauka cikin bututu har ƙasa. A bakinta akwai wani abu mai hawa da sauka, an zagaye shi da roba ko fata, shi ke turo ruwa sama. Kullum ana buga fanfo, robar nan tana gogar bututu. In ruwan yana da yashi, ta fi saurin cinyewa. Wata rana sai ka buga, ka ji hannun ya yi sakwaf, ruwa kaɗan-kaɗan, daga baya babu. Abin da ya mutu bai cika tafin hannu ba. Kuma wanda ya ƙera fanfon ya san zai mutu, ya san ma kusan lokacin.

A wani gari da na yi aji, fanfo ya tsaya haka ana cikin zafin bazara. Ba wanda ya san sunan abin da ya lalace. Ba a bar musu ko sifana ɗaya ba. Takardar bayani tana nan da Faransanci, ba a san ma hannun wa take ba. Mata suka koma tsohuwar rijiya da guga da igiya. Ɗalibaina mata suka daina zuwa aji, don lokacin karatu ya koma lokacin jan ruwa. Yara suka koma shan ruwan tabki da damina ta faɗi, gudawa ta biyo baya. Duk a kan roba.

Na san abin da ake cewa a birni. Wai mutanen karkara ba su da kula, wai ba su san darajar abu ba. Wannan magana ba ta da kunya. Manomin da ke riƙe da amalanke shekara goma, yana ɗaure ta, yana facin taya? Maƙerin da ke mai da tsohon ƙarfen mota ya zama haiwa da gatari? Yaron da ke kwance injin niƙa ya ɗaura, bai taɓa shiga lakwal ba? Waɗannan ne marasa kula? Abin da mutum ya ga cikinsa, yana gyara shi. Abin da aka rufe masa, aka tafi da makulli, sai ya zuba masa ido.

Kuma ana iya ƙera abu don a gyara shi a ƙauye. An yi. A shekarun 1980, a ƙasashen Malawi da Kenya, masana suka fito da wani fanfo mai suna Afridev. Sun ƙera shi yadda za a zaro robar daga ƙasa ba tare da an fid da bututu ba. Sifana ɗaya da ƙugiya ɗaya sun isa, kuma mutanen gari, har mata, suna koyon aikin. Ashe ba wuyar abin ba ce. Niyyar mai ƙerawa ce.

Su kansu Turawa sun gaji. A Faransa, a shekarar 2021, doka ta ce a rubuta maki a kan talho da wasu kayan wuta, daga 0 zuwa 10, don mai saye ya san ko abin yana gyaruwa. Ƙasashen Tarayyar Turai kuma, daga ƙarshen 2024, sun ce duk sabon talho da bakin caji iri ɗaya za a sayar da shi. Su da ke da kanti a kowane lungu sun nemi haka. Mu da kasuwarmu ke ci sau ɗaya a mako, sai mu karɓi duk abin da aka miƙo?

Ga wani ƙaramin abu da ke ba ni haushi a aji. Kun sha wahala kun koyi ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Ku duba ƙaramin talhon da ke aljihunku. Babu su. In ka rubuta ƙafa, sai ta fito kafa. In ka rubuta ɓata, sai ta fito bata. An ƙera abin da ke kai murya daga Tawa zuwa Makka cikin ƙiftawar ido, amma an manta da lanƙwasar baƙi huɗu. A manyan talho ana iya sa su, sai dai sai ka sami wanda ya san hanya.

Cikin duk littattafan da na karanta, wanda ya fi faɗin gaskiya tsoho ne. Wani Bature na Ingila, E. M. Forster, ya rubuta shi a 1909. Gajeren labari ne. Mutane suna zaune ƙarƙashin ƙasa, kowa a ɗakinsa shi kaɗai. Inji guda ke ba su abinci da iska da haske. Suna hira da juna ta wani faifai mai nuna fuska, kamar dai yadda ƴaƴanmu ke yi yau da ƴan ci-rani. Shekaru suka wuce, waɗanda suka san cikin injin duka suka ƙare. Sai abubuwa suka fara taɓarɓarewa: kiɗa ya yi gargada, ruwan wanka ya yi wari. Mutane suka kai ƙara ga kwamitin gyara. Aka ce su yi haƙuri. Daga baya ta fito fili cewa na'urar gyaran ita kanta ta lalace. Da injin ya tsaya, duniyarsu ta rushe. Ranar da na karanta wa ɗalibaina shi da Hausa, wani dattijo ya ce: "Ai wannan Bature ya zo garinmu."

A ƙasarmu ma an yi mai irin wannan tunani, ba a littafin tatsuniya ba. Abdu Mumuni Jofo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ma'aikatar binciken ƙarfin rana daga 1969 zuwa 1985. Shi da mutanensa sun ƙera abin ɗuma ruwa da murhun rana a nan gida. Ya san zanen aro ba ya rufe katara. Mun sake ganin haka a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar mana, birane suka shiga duhu na watanni, masu niƙa da masu ƙanƙara da masu caji suka zauna.

Yanzu ga abin da nake nema gare ku, tun da kun iya karatu. In an kawo fanfo ko farantin wutar rana a garinku, kada ku bari a tafi ranar buki sai an amsa muku. Wane abu ne zai fara lalacewa? Ina ake sayar da shi, kuma nawa? Wa za a koya wa gyara a cikinmu? Ku sa a faɗi sunan kowane ƙarfe, ku rubuta a littafin kwamiti da Hausa, ku zana kamanninsa kusa da sunan. Kuɗin da ake tarawa a bakin fanfo, a sayi robar tun kafin ta ƙare, a ajiye. Farantin rana kuwa a riƙa share masa ƙura da tsumma mai laushi da sassafe, musamman lokacin hunturu. Batirinsa a sa shi a inuwa, kada a tsotse shi ƙaf, don zafi da tsotsa ke kashe shi. Kai mai sayen talho, ka juya bayansa ka gani ko batirin yana fita, ka tambayi mai gyara na kasuwa kafin ka tambayi mai sayarwa.

Sa'an nan ku rubuto mana. Wane inji ne ke kwance a garinku? Wace shekara aka kawo shi, wace shekara ya tsaya, me aka ce ya same shi? Ku ba malamin ajinku wasiƙar, ku sa sunan gari da na gunduma a sama.