Hukuncin yi wa kyanwa aiki idan jijiyar gwiwarta ta tsinke

Ƴan'uwa, an aiko da tambaya: kyanwa ta faɗo daga katanga tana ɗingishi da ƙafar baya, likitan dabbobi ya ce jijiyar gwiwa ce ta tsinke. Shin kashe kuɗi a yi mata aiki almubazzaranci ne?

Mu fara sanin ciwon. A cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, su ne ke hana ƙashin ƙwauri zamewa daga na cinya. Idan guda ta tsinke, gaɓar sai ta saki. Wannan ba karaya ba ce, saboda haka ɗorin gida ba ya kama ta. Likita yakan sa kyanwar barci, ya ɗaure gaɓar da zaren roba mai ƙarfi wanda zai tsaya a madadin jijiyar.

Abin da nake gani, aikin halal ne, kuma akwai lada ga mai hali. Bukhari ya ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare, balle kyanwar da ke shiga ɗakunanmu, wadda hadisin Abu Ƙatada cikin Muwaɗɗa ya tabbatar ba najasa ba ce. Sai dai bai zama wajibi ba. Wanda hatsin gidansa bai kai wata ba, ciyar da iyali ne a gabansa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa ta a buhu a yar bayan gari don ta gurgunce. Kyanwa ba ta da nauyi, da yawa sukan miƙe ba tare da aiki ba idan aka tsare su wuri ƙarami, ba tsalle, mako 4 zuwa 6. Wani zai ce, Malam, ba tsare kyanwa ne ya kai wata mata wuta ba? Ita ta tsare ta ne ba ci ba sha har ta mutu. Kai tsarewar jinya za ka yi, da ruwa da abinci a gabanta.

Kuma don Allah kada wanda ya ba ta farasitamol don tausayi. Guba ne ga kyanwa, ƙwaya guda tana iya kashe ta. Maganin zafi sai wanda likitan dabbobi ya rubuta.

Wallahu a'alamu.