Birni Ko Ƙauye: Ina Uwargida Za Ta Fake Ranar Annoba?

 Tun zamanin korona ake wata gardama a gidajen biki da suna, wai da za a sake annoba, Allah ya kiyaye, ina ya fi zama, birni ko ƙauye? Matan birni kan ce ƙauye. To, bari mu auna maganar da Ƙetare ta ƙasar Ƙanƙara.

Ku tuna dai yadda aka yi. Cikin watan Afrilu na 2020 cutar ta kashe wani likita a Daura, aka rufe garin. A watan nan kuma aka kulle Kano ana shirin azumi. Maigidan da sai ya fita yake samo na cefane, aka ce ya zauna gida. Ga uwargida a gidan haya, ɗaki guda da yara shida, bayan gida na kowa da kowa, ruwa sai na 'yan ga-ruwa, ana kuma cewa a riƙa wanke hannu, a ba da tazara. Ina tazara a gidan haya?

Matar Ƙetare kuwa tana da rumbu. Akwai dawa da masara, akwai kuka da busasshiyar kuɓewa, tsakar gida fili, kuma ba wanda ya kulle gona. Lalle wannan abin sha'awa ne, ban musa ba.

Amma fa birnin ne ya biyo ta har gida. 'Yan ci-rani suka komo hannu rabbana, gwamnonin Arewa kuma suka mayar da almajirai jihohinsu. Bakuna suka ƙaru daidai bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ana tattalin iri. Wa ke auna tsaba kullum safiya? Ita ce.

Ga kuma annoba ta biyu wadda takunkumi ba ya tarewa. A watan Yuni na shekarar 'yan bindiga suka auka wa Kadisau ta ƙasar Faskari, suka kashe mutane masu yawa. Ƙauyukan Sabuwa ma ba su tsira ba. Watau sa'ad da matan birni ke marmarin ƙauye, matan ƙauye na gudowa gari da goyo, suna kwana cunkushe a makarantun da aka rufe domin korona.

Ku kuma 'yan makaranta, ku kuka fi kowa asara. An rufe makarantu tun watan Maris. Ba a daɗe da komawa ba, ran 11 ga Disamba, aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnatin Katsina ta rufe makarantun kwana. Yarinyar birni ta ci gaba da jeka-ka-dawo a unguwarsu. Ta ƙauye, wadda sai a makarantar kwana take samun sakandare, ta zauna gida tana daka, masu neman aure suna sallama a zaure.