Zafi da fari na barazana ga noman makadamiya a Afirka ta Kudu

Afirka ta Kudu na cikin ƙasashen da suka fi fitar da gyaɗar makadamiya a duniya, amma itacen ɗan asalin gabashin Ostireliya ne, kuma ba ya jure kowane yanayi. Ya fi bunƙasa a zafin digiri 20 zuwa 25. Idan zafi ya daɗe sama da 30, sabbin ganye kan ƙone, ƙananan 'ya'ya su zube kafin su ƙosa. Furensa ma sai ya samu sanyin dare yake fitowa da kyau.

Manoman lardunan Limpopo da Mpumalanga sun ji jiki a farin 2015 zuwa 2016, lokacin da amfanin ya ragu sosai. Masu madatsun ruwa sun ɗan tsira. Ƙananan manoma masu dogaro da damina su suka fi shan wuya.

Babbar matsalar ita ce lokaci. Itacen kan ɗauki shekara huɗu ko biyar kafin ya fara haihuwa, ya kusa goma kafin ya cika. Wanda ya dasa bana, da bashin banki, yana caca ne da yanayin 2035.