Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Mahayin Keken Ajingi da Hawan Tudu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Wudil ta nufi Gaya, sa'an nan ya karkata arewa zuwa Ajingi, ba zai rasa lura da abu biyu ba. Na farko shi ne shimfiɗar ƙasar, domin kuwa ido yakan yi ta yawo a kan gonakin gero da dawa da gyaɗa har ya gaji bai ci karo da dutse ba, sai dai kuka da tsamiya da gawo. Na biyu kuwa shi ne keke. A Toranke da Balare da Gafasa da sauran garuruwan yankin, keke shi ne jakin talaka: da shi ake zuwa gona, da shi ake cin kasuwa, a kansa ake ɗaure buhu da jarkar ruwa da damin kara. Babur ya so ya ture shi, amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kekuna da yawa da aka jingine a zaure sun sake ganin rana.

Saurayin da ya tashi a irin wannan ƙasa yana da ƙarfin ƙafa, wannan ba abin musu ba ne. Wanda ya saba tuƙa keke da buhun gero a baya, cikin yashin da ke shanye taya, ba rago ba ne. Saboda haka in ya ji labarin masu doguwar tafiya a keke, zuciyarsa takan raya masa cewa shi ma zai iya. Labaran kuwa suna da yawa. Tun daga 2015, sa'ad da wani matashi ya taka da ƙafa daga Ikko zuwa Abuja don murnar sakamakon zaɓe, aka shiga yayin irin wannan tattaki, wasu a ƙafa, wasu a keke. A 2023 kuma wani ɗalibi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya tasam ma Jami'ar Azhar ta Masar a kan keke, ya ratsa ƙasashe da dama har ya kai Chadi, inda aka haɗa masa kuɗin jirgi ya ƙarasa. Buri irin wannan abin yabo ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake ƙulla niyyar. Saurayi zai ce, zai je Jos, ko Abuja, kilomita kaza ne, kwana kaza zai yi, shi ke nan an gama lissafi. Ba a cika jin wanda ya tambaya ko nawa ne hawan da ke cikin hanyar ba, alhali kuwa ga mutumin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wannan tambaya ita ce ta fi cancanta a fara da ita, kuma a kanta ya kamata a gina burin tafiyar tun daga tushe.

Dalili kuwa a fili yake. Idan aka haɗa nauyin mahayi da na baƙin keke irin na gargajiya da ɗan guzurinsa, za a sami kusan kilo 100, watau nauyin babban buhun hatsi. A miƙaƙƙiyar hanya ƙasa ce ke ɗauke da wannan nauyi, aikin mahayi kawai ya tura shi gaba. Da zarar hanya ta fara hawa sai lamari ya sake, ya zama dole ya ɗaga buhun nan sama da ƙafafunsa. Alal misali, a hawan da ke tashi mita 5 cikin kowace mita 100, wanda a ido ba wani abin tsoro ba ne, daidai yake da a ɗaura wa keken igiya ana janyo shi baya da nauyin kilo 5, ba sassauci ko na ƙiftawar ido. Wahalar tuƙi a nan takan ninka ta shimfiɗaɗɗiyar kwalta sau uku ko fiye. To, birnin Kano yana kimanin mita 480 ne bisa doron teku, Jos kuwa ta haura mita 1,200. Wanda ya tashi daga Ajingi ya nufi Jos, ban da nisan hanya, akwai aikin ɗaga buhun nan sama da mita 700 yana jiransa.

Wannan ma lissafin sama-sama ne. Hanya ba ta hawa a miƙe kamar tsani, takan gangara a kowane rafi ta sake tashi, kuma gangara ba ta biyan bashin da hawa ya ci. Abin da gwiwa ta kashe ta kashe ke nan. Don haka ne masu tseren keke na duniya ba su faɗin tsawon hanya shi kaɗai, sai sun haɗa da jimillar hawan da ke cikinta. Gasar keke ta duniya da aka yi a Kigali ta ƙasar Ruwanda a watan Satumba na 2025, wadda ita ce ta farko a nahiyar Afirka, tseren manyan maza a cikinta kilomita 267.5 ne, amma abin da ya razana mahaya shi ne hawan mita 5,475 da ke ciki. Daga cikin mutum sama da 160 da suka tashi, 30 kacal suka ƙarasa.

Wani zai ɗauka wannan ilmi baƙo ne da ya zo daga Turai. Ko kusa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari waɗanda Paul Lovejoy ya yi nazarin kasuwancinsu a littafinsa na 1980, ba su san kilomita ba, da zango suke auna tafiya. Zango kuwa ba shi da tsayayyen tsawo. Abin da jaki da ɗan alaro za su iya ci a yini shi ne zango, saboda haka yakan miƙe a fili, ya taƙaita a ƙasar duwatsu, ya kuma dogara ga inda ruwa yake. Ayari yana da madugu mai yanke shawarar tashi da sauka, yana da jagaba mai wucewa gaba ya dubo hanya da masauki. Ma'auni ne da ke la'akari da ƙasa da jiki a lokaci guda, abin da lambar da ke jikin allon gefen titi ba ta yi. Ɗaliban harshe za su lura cewa Hausa ba ta rasa kalmomin wannan fage ba: akwai tudu da kwari, hawa da gangara, jigawa da fako da fadama, kowace da irin abin da take yi wa matafiyi. Abin takaici ne a ce mai keken yau ya watsar da wannan gado, ya riƙe lamba guda ɗaya tak, wadda direban mota ya faɗa masa a tasha.

Idan aka koma ga hikimar zango, sai a ga ya kamata a jera buri daki-daki, kowane ya ɗara na bayansa a yawan hawa. Mutumin Ajingi ya yi sa'a, domin makarantarsa ta farko tana kusa. Dutse, babban birnin Jihar Jigawa tun 1991, bai fi tafiyar yini guda ba, kuma sunansa ya ishe shi bayani. A kewayen duwatsun Garu mahayi zai fara jin yadda numfashi ke sauyawa in ƙasa ta ɗaga. Ya hau, ya sauko, ya sake hawa, ya riƙa lura da sau nawa ya yi kafin cinya ta fara rawa, domin wannan adadi shi ne ma'auninsa na gaskiya. In ya ga adadin ya ƙaru bayan 'yan makonni, sai ya dubi ƙasar Rano da duwatsunta. Bayan nan sai kudancin jihar, wajen Tudun Wada da Doguwa, inda tsaunukan Riruwai suka haura mita 1,000. A wannan hanya ne dajin Falgore yake, wanda ya yi ƙaurin suna da 'yan fashi a shekarun baya, kuma ba wurin da mutum zai ratsa shi kaɗai ko da almuru ba ne. Sai wanda ya ci waɗannan matakai ne ya isa ya ambaci Jos. A nan akwai abin ban sha'awa: ruwayar baka ta nuna cewa maƙeran Gaya, watau Abagayawa, su ne suka je gindin Dala neman tama har suka zauna. Ashe dai barin fili a nufi dutse tsohuwar al'ada ce ga mutanen wannan yanki, sai dai su magabatan sun san abin da suka je nema.

Tsakanin wannan fita da waccan, akwai horon da za a iya yi a gida. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma wanda ya fuskance ta ya yi awa guda yana tuƙi ba tsayawa ya ɗanɗani wani abu mai kama da dogon hawa. Yashi ma haka. Amma kada a ruɗu, iska takan lafa, yashi yakan ƙare a shiga fako, tudu kuwa ba ya ɗaga ƙafa sai an kai ƙololuwarsa. Abin da wannan horo ke koyarwa shi ne haƙurin tuƙi a hankali na dogon lokaci, wanda shi ne samari suka fi rasawa, domin sun saba da tseren ɗan taƙi a bakin kasuwa.

Sau da yawa akan ji ana cewa ai duk wannan magana ta masu keken giya ce, talaka da baƙin kekensa ba shi da rabo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Kekunan da suka cika karkara, irin su Raleigh da Phoenix, giya ɗaya gare su. Akasari faifan gaba yana da haƙora wajen 44, ƙaramin na baya kuma wajen 18, ta yadda duk zagayen feda ɗaya zai tura keken sama da mita 5. A fili wannan daɗi ne, a tudu kuwa azaba. Idan mai gyara ya sauya na bayan da mai haƙora 22, ya ƙara wa sarƙa tsawo kaɗan, zagaye ɗaya zai koma kimanin mita 4 da rabi, feda ta yi sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. An rage gudu a fili, an sayi numfashi a tudu, kuma kuɗin bai kai na sabuwar taya biyu ba. Haka nan duk kilo ɗaya da aka rage a kaya riba ce, don haka bargo mai nauyi da akwatin ƙarfe su zauna a gida, famfo da kayan faci da sifana su bi mai tafiya.

Sauran abin da ya rage girman kai ne. Saurayi yana ganin abin kunya ne a gan shi ya sauka yana tura keke. Ya kamata ya ji labarin tseren Tour de France na 1910, shekarar da aka fara kai mahaya manyan tsaunukan Firanis da ke tsakanin Faransa da Sifen. Kekunan wancan zamani ba su da giyar sauyawa irin ta yau. A hawan Tourmalet, mai tsayin mita 2,115, Gustave Garrigou ya haye bai sa ƙafa a ƙasa ba, aka ba shi kyautar faran 100. Octave Lapize kuwa sauka ya yi ya tura nasa a wasu wurare, kuma shi ne ya ci tseren wannan rana, ya kuma ci gasar baki ɗaya.

Hawa dai gajiyarwa yake yi, gangara ita ce mai kisa. Mutumin Ajingi bai taɓa buƙatar birki na haƙiƙa ba, da yawa ma da tafin silifa suke tsayar da keke. Birkin sanda na baƙin keke, ko da lafiyarsa ƙalau, ba ya kamawa sosai in ruwa ya jiƙa ƙafar, balle robarsa ta cinye. A doguwar gangara, da kaya a baya, ga tirela tana huci a gefe, keken da ya kuɓuce ba ya jin kira. Lalle ne a sa sabuwar roba gaba da baya kafin tashi, a kuma koyi rage gudu tun daga kan tudu, kafin a shiga kwana. Wannan ma a Dutse ya kamata a koye shi, inda kuskure ba zai wuce ƙujewar gwiwa ba.

Akwai kuma alhaki a wuyan manya. Yakan faru a tara jama'a, a yi wa yaro rakiya da kiɗa da ɗaukar hoto, a ba shi tuta da riga mai hoton wani, amma ba wanda ya duba birkinsa ko ya tambaye shi inda zai kwana. Da masu ba da gudummawar nan za su ɗauki matsayin madugu da jagaba, da sun fi amfani. Su ne za su hana tashi a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, mahayi yana zubar da gumin da ya kai lita guda a awa, su ce a bari sai Nuwamba ko Disamba. Su ne za su sa a tafi mutum uku ko huɗu maimakon ɗaya, a tashi da asuba, a sauka kafin azahar, a riƙe fura da dabino da ɗan gishiri. Su ne kuma za su zauna da wani direban da ya san hanyar Saminaka, ya lissafa musu inda manyan hawa suke da garuruwan da ke da ruwa da masauki, a yanka zangon ranar tudu ya zama rabin na ranar fili, a rubuta a takarda, yaro ya sa a aljihu, kwafi ɗaya kuma ya zauna a hannun mahaifinsa.