Majalisar Da Ta Manta Da Tambaya

Shekara biyu ke nan da na kammala hidimar ƙasa, kuma har yau takardar shaidar digirina tana cikin jakar da na saya domin zuwa ganawar neman aiki. Ba ni da albashi, amma ina biyan haraji. Duk katin waya da na saya domin duba tallar guraben aiki, gwamnati tana da kashi 7.5 cikin 100 a cikinsa, tun da aka ɗaga harajin kayayyaki daga kashi 5 a watan Fabrairun 2020. Saboda haka ina da haƙƙin tambayar inda kuɗin ya tafi, kuma tsarin mulki ya riga ya naɗa waɗanda za su yi tambayar a madadina: sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360. Ƙarata a kansu take, domin sun karɓi wannan amana sun ajiye ta a aljihu.

Sashe na 88 da na 89 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun ba Majalisar Tarayya ikon binciken kowace ma'aikata da ke kashe kuɗin da ta amince da shi, da ikon kiran kowane jami'i ya ba da bahasi, domin tona almundahana da ɓarna da gazawa. Sashe na 85 kuma ya wajabta wa Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya miƙa mata rahotonsa. Wanda aka ba wannan wuƙa ba shi da uzurin cewa nama ya gagare shi.

A duba tarihin hukumomin da aka kafa da sunan matasa. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu yana nan tun 1971, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da kamfanoni ke biya. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa ta fito a zamanin Janar Babangida. A 2016 aka zo da shirin N-Power, ana ba masu digiri naira 30,000 a wata, sannan aka dakatar da shi a watan Oktoban 2023 da sunan bincike. Kowace shekara shugabannin irin waɗannan hukumomi suna zuwa gaban kwamiti domin kare kasafinsu, su karanta adadin waɗanda aka horar, a yi musu godiya su tafi. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: cikin waɗanda aka koya wa ɗinki ko walda ko gyaran waya, nawa ne ke cin abinci da sana'ar bayan shekara guda? Adadin waɗanda suka zauna a aji ba ya nuna komai sai cewa an kashe kuɗi. Kwamitin da bai nemi wannan amsa kafin ya sa hannu a sabon kasafi ba, ya zama abokin tarayya a ɓarnar.

Akwai ranar da majalisa ta nuna zafi a kan ayyukan matasa, kuma ranar ce ta fi tona asirinta. A 2020 gwamnati ta ware naira biliyan 52 domin ɗaukar mutum 774,000, wato dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, a biya su naira 20,000 a wata har wata uku. Da Ƙaramin Ministan Ƙwadago na lokacin, Festus Keyamo, ya bayyana gaban kwamitin haɗin gwiwa, sai zaman ya rikiɗe ya zama cacar baki a gaban 'yan jarida. Abin da aka yi rigima a kai shi ne wa zai riƙe ragamar zaɓen waɗanda za su amfana. Me zai faru da waɗannan mutane a wata na huɗu, ko naira 60,000 za ta iya zama jari, wannan bai tayar da jijiyar wuyan kowa ba. Wakilin da ke neman kasonsa na gurabe daga hannun minista ya zubar da ikon tuhumar ministan, domin baki ba ya iya cin tuwon mutum yana kuma yi masa tsawa.

Haka aka yi da alƙaluman rashin aiki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin 100 na masu neman aiki ba su da shi. Da aka sauya ma'auni a 2023, aka ƙirga duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako cikin masu aiki, sai adadin ya sauko zuwa kashi 4.1. Hukumar tana da hujjarta, domin ma'aunin ya dace da na ƙasashen duniya. Amma majalisar da ta san nauyinta za ta tsaya kai da fata a riƙa kawo mata adadin waɗanda aikinsu bai ciyar da su, kafin ta tsara kasafi a kan alƙalamin da ya mai da ni mai aiki saboda na taya maƙwabcina tsaron shago ranar Asabar.

Masu kare majalisa za su kawo misalin dokokin haraji huɗu da Shugaba Tinubu ya aika a watan Oktoban 2024, waɗanda aka yi wata da watanni ana muhawara a kansu kafin ya sa hannu a watan Yunin 2025. Na yarda an yi aiki a nan. An saurari jama'a, an ƙi ƙarin harajin kayayyaki da aka nema, an kuma yafe haraji ga mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara. Sai dai a tuna abin da ya farkar da zauren: gwamnonin Arewa ne suka taru a Kaduna suka yi watsi da tsarin rabon kuɗin tsakanin jihohi. Wannan ya nuna majalisa tana iya karanta doka layi-layi idan manya suka ji zafi. Mu da ba mu da dandalin gwamnoni, wa zai karanta domin mu?

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Kada kwamiti ya amince da kasafin hukumar horarwa sai ta kawo sunayen waɗanda ta horar bara da inda suke aiki yanzu, a buga su kowa ya gani. A haramta wa 'yan majalisa karɓar gurabe daga hukumomin da suke sa wa ido. Kowace sabuwar dokar haraji ta zo da bayanin yadda za ta shafi mai ƙaramin shago da ke tunanin ɗaukar yaro na biyu. A fitar da zaman sauraren jama'a daga Abuja a kai shi Kano da Aba da Maiduguri, inda marasa aikin suke zaune.

Idan wakilinmu ya dawo neman ƙuri'a da buhun shinkafa da kekunan ɗinki, ni dai tambayata ɗaya ce gare shi: ranka ya daɗe, a kwamitin da kake, sau nawa ka tambayi inda waɗanda aka horar suka ƙare, kuma me aka ce maka?